Sa Hannun Uba, Sa Hannun Uwa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Nauyina yau kilo saba'in da tara cif. Lafiya lau nake.

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta sikelin da ake kawo min gyara, amma bari in zuba maganar makarantar Kilo a ciki kafin kaina ya fashe. Kilo 'yata ce, shekararta biyar. Ranar da aka haife ta da sikelina na tafi asibiti, don ban yarda da nasu ba. Ta yi kilo uku daidai, sunan ya bi ta har yau.

Makarantun kuɗi uku muka nema mata, amsa ta fito makon jiya. Mai Lilo ta ɗauke ta. Tana nan bayan shagona, tafiyar minti biyar daga gida. Mai Kunkuru ma ta ɗauke ta, amma ita can ƙarshen gari take, layi ɗaya da gidan surukata. Ta ukun, Mai Ƙofar Gilashi, ba zan ɓata biro a kanta ba. Ni na raɗa musu sunayen nan, don na gaskiyar sai mutum ya murguɗa baki kafin ya faɗa.

Biyun da suka ɗauke ta kowace ta ba da fom. A mayar kafin ƙarfe sha biyu na ranar Juma'a, 21 ga wata, in ba haka ba a ba wani gurbin. A ƙasan fom akwai layi biyu: sa hannun uba, sa hannun uwa.

Maman Kilo tana gidan mahaifiyarta tun ranar Talata, ita da yarinyar. Gwiwar tsohuwar ce ta tashi. Kwana biyu kawai za su yi.

Litinin, bakwai da kwata

Na dafa shayi kofi biyu. Mantuwa ce. Na shanye duka, ba na son ɓarna.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Ni ba irin iyayen nan ba ne da ke zaɓar makaranta don fenti ya yi musu kyau. Ni mutumin awo ne. Shekara ashirin ina gyaran sikeli, kuma duk kasuwar nan an san ba abin da na tsana kamar ɗan kasuwar da ke sa hannu a kwano yana awo. Daga nesa nake gane su, kafaɗarsu ce ke tona musu asiri.

Don haka na sauko da tsohon sikeli mai kwano biyu, na kakkaɓe shi. Kwanon dama Mai Lilo, na hagu Mai Kunkuru. Kowane alheri notin ƙarfe ɗaya a kwano.

Mai Lilo tana kusa da gida, noti. Tana kusa da shago, noti. Ba hawa mota, noti. Akwai lilo, noti.

Mai Kunkuru yara sha biyar ne kacal a aji, noti. Akwai ɗakin karatu, noti. Malamar ajin ta durƙusa har ƙasa ta gaisa da Kilo, to, noti. Kunkurun da suke kiwo a tsakar makaranta kuwa ban sa masa komai ba. Dabbar da ba ta gudu, ba ta kuka, me yaro zai koya a wurinta?

Huɗu da uku. Magana ta ƙare.

Sai ga Mai Makulli ya leƙo. Shagonsa ne manne da nawa, shekara sha ɗaya muna raba rumfa ɗaya, kuma a cikinsu ban taɓa neman shawararsa ba, shi ma bai taɓa fasa ba ni ba. Ya dubi notocin ya ce, "Kusa da gida, kusa da shago, ba hawa mota. Mutumina, ai abu ɗaya ka auna sau uku."

Na ce ya koma ya ji da makullansa.

Ya ce, "Yaya gwiwar surukar tamu?"

Na ce da sauƙi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kira waya in tambayi gwiwa. Ba a ɗauka ba. Wataƙila suna shafa magani ne, hannu da maiƙo ba ya taɓa waya.

Laraba, biyar da minti ashirin

Har yanzu suna shafawa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Saba'in da takwas da rabi. Lafiya lau nake.

Yau surukata ta kawo min Kilo shago ta wuni. Tun daga tasha na hango su, tsohuwar nan tana tafe kamar za ta kama ɓarawo, har kwatar bakin kasuwa ta tsallake da taku ɗaya. Na fito da sauri na russuna, Mai Makulli yana tsaye, na ce, "Mama, sannunku da zuwa. Yaya gwiwar?"

Ta ce, "Wace gwiwa?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara tari, na ce ko ba ku ne aka ce ba, wataƙila maƙwabciyarku ce. Ta ƙare min kallo sama da ƙasa ta ce, "Au, ni ka ɗora wa ciwon? Baban Kilo, gwiwata lafiyarta ƙalau. Bakinka ne ya kamata a kai a duba." Ta miƙo min jakar yarinya ta juya abinta.

Na waiga wajen Mai Makulli. Ya kunna injinsa kawai, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

Kilo ta ƙara tsawo, ko idona ne. Na ɗora ta a sikeli, kilo sha bakwai da giram ɗari biyu. Na ce, "Kin yi kewar Baba?" Ta tsaya tana kallon allurar sikeli. Yarinyar nan haka take, in ka tambaye ta abu sai ta yi ta juya shi a ciki kamar mai tsotsar alewa. Na ce, "Kin yi mana." Na ce, "Wace makaranta kike so? Mai Lilo ko? Yauwa, na sani." Shi ya sa nake taimaka mata da amsa, don kada mutane su ɗauka ba ta da wayo.

Na tambaye ta ko mamanta tana maganata. Wannan kam nan take ta amsa. Ta ce, "A'a."

Lahadi, 9 ga wata, sha ɗaya na safe

Ashe gidan nan surutu gare shi. Firji yana nishi, famfo yana ɗiga, ƙofar banɗaki tana kuka. Shekara bakwai ban taɓa ji ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na sake leƙa Mai Lilo don in ƙara tabbatar da abin da na riga na tabbatar. Shugaban makarantar mutumin kirki ne, ya kira ni Injiniya sau huɗu. A gida mutum ɗaya ce ke kirana haka, ita kuma sai in za ta yi min shaƙiyanci.

Na ƙirga yaran aji ɗaya, arba'in da biyu. Shugaban ya ce yawan yara yana koya wa yaro zama da jama'a. Wannan gaskiya ne. Malamar ajin muryarta ta dushe, da rula take magana a kan tebur. Lilon kuwa sarƙa ɗaya ta tsinke tun bara, an ɗaure shi a jikin ƙarfe don kada yara su hau. Wato lilon ba ya lilo. Amma ai abin gyara ne, kuma ni mai gyara ne.

Na dawo na dubi sikelin. Ban cire noti ko ɗaya ba. Lilo dai akwai shi, ban ce yana aiki ba.

Talata, 11 ga wata, bakwai na safe

Saba'in da takwas. Shayi kofi biyu kuma. Butar ce ta saba.

Yau mako biyu. Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, bari in faɗa sau ɗaya in wuce. Ranar Talatar nan, da na gama karanta wasiƙar Mai Ƙofar Gilashi mai cewa ba gurbi, a tsaye a falo, na faɗi wata magana. Kalma biyar ce. Na ƙirga su ya fi sau ɗari, biyar ne. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba. Maman Kilo tana guga, ta kife dutsen guga, ta zare wayar daga bango, ta naɗe ta a hankali yadda take naɗe ta kullum. Wannan naɗin ne ya ba ni tsoro. Kilo tana ƙarƙashin tebur da fensir ɗinta, amma yaro ai ba ya riƙe irin wannan.

Mutum ya yi shekara bakwai yana magana mai kyau, kalma biyar ta rinjaye su duka? Wane irin sikeli ne wannan?

Laraba, 12 ga wata, uku da rabi

Na ce ba zan ɓata biro a kan Mai Ƙofar Gilashi ba, amma yau dole.

Na sa rigata mai kyau na tafi in ji dalili. Yarinya ta san ƙirga har hamsin, ta san launuka, a ce ba gurbi? Sakatariyar tana ganina ta cire tabarau ta ce, "A'a, mai sikeli!" Ta sunkuya ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Sikelinsu ne na auna yara a ciki, gunduwa-gunduwa.

To, wannan ina da bayani. Ranar intabiyu yana kusurwar ofis, allurarsa ta wuce sifili da kusan kilo biyu. Ina zaune yana kallona ina kallonsa. Wane mai sana'a ne zai iya haƙuri? Sukundireba kuma kullum tana aljihuna. Da sun ba ni minti goma da na ɗaure shi, su ne suka ce lokaci ya cika.

Na ce ba wannan ya kawo ni ba, dalili nake so. Ta ce ba a saba faɗa ba. Na ce ba inda za ni. Ta duba hagu da dama, ta buɗe fayil, ta ce, "Malam, tambaya goma aka yi wa yarinya. Ga abin da shugaba ta rubuta. Uba ya ci tara cikin goma. Yarinya sau ɗaya muka ji muryarta."

Na ce ƙarya ne, taimaka mata kawai nake yi.

Ta ce, "Sau uku shugaba ta ce muku ita ake tambaya. Matarku har taka muku ƙafa ta yi, ina gani daga nan. Da ku ne ke neman aji ɗaya, da tuni an ɗauke ku."

Ya kamata in yi shiru a nan. Sai na ji bakina yana cewa, "Wacce na faɗi?"

Ta ce, "Launin da ta fi so. Kun ce ja. Da kuka shiga ƙarƙashin tebur neman ɗan ƙarfen sikelin da ya faɗi, ta raɗa wa malama cewa kore ne."

Na ɗauki kwalin na fito. Ƙofar tasu ma gilashin ya yi tsabta da yawa, sai da na buga goshi.

Alhamis, 13 ga wata, bakwai na safe

Saba'in da bakwai da rabi. Jakar makaranta ja na saya mata. Takalmi ja. Keke ja.

Alhamis, shida na yamma

Na ɗaure musu sikelin, na saita shi, na kai na ajiye wa maigadi. Ban shiga ba.

Asabar, 15 ga wata, biyar na yamma

Surukata ta sake kawo Kilo. Wannan karon gaisuwa kawai na yi, ban tambayi lafiyar kowace gaɓa ba.

Saura kwana shida. Na cike fom ɗin Mai Lilo da rubutuna mai kyau, na sa hannu a layina, na saka a ambulan na liƙe. Da za su tafi na durƙusa na ce, "Kilo, ki ba Mama wannan. Ki ce Baba ya ce ta sa hannu. Me za ki ce?" Ta buɗe baki, na ce, "Ta sa hannu. Yauwa."

Bayan sun tafi Mai Makulli ya ce, "Yarinya 'yar shekara biyar ka mayar ɗan aike? Ko kai ma gwiwar ce ta kama ka?"

Na ce shi bai san komai ba. In na je da kaina, za a ɗauka biko na zo. Ni kuwa ba abin da ya faru balle a yi biko. Maganar makaranta ce kawai.

Ya ce, "To me ya hana ka Mai Kunkuru?"

Na ce nisa. Ya ce nisa daga ina? Na ce yana da aiki ko ba shi da shi?

Amma a nan zan iya rubutawa. In Kilo ta shiga Mai Kunkuru, makaranta tana bakin ƙofar kakarta. Wa zai ce su dawo? Da wane dalili? Shekara shida ake yi a makarantar nan. Ina tsoro, shi ke nan, na faɗa.

Lahadi, 16 ga wata, sha biyu na rana

Na gyara famfo, na zuba wa ƙofar banɗaki mai. Yanzu gidan ya yi tsit. Gara da.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Innalillahi! An kashe min fom!

Surukata ta shigo kasuwa sayayya, ta ajiye ambulan a kan teburina ta wuce ko zama ba ta yi ba. Na buɗe. A ƙasan takardar, daidai layin sa hannun uwa, an kifa tafin hannu an zagaye shi da biro. Hannu sosai, yatsu biyar, ya haye har kan sunana. Layin a karkace yake, da gani Kilo ce ta zagaya. A gefe ga nata ɗan ƙarami, shi kuma uwar ce ta zagaya mata, don ya fita tsaf. A ƙasa da rubutun da na sani ko a duhu: "Injiniya, an ce in sa hannu. Na sa."

Wannan ai wulaƙanci ne! Takardar hukuma! Mace mai aiki a kantin magani, wadda kullum take sa hannu a takarda ashirin, za ta ce ba ta gane ba?

Na kai wa Mai Makulli don ya taya ni jin haushi. Ya yi ta dariya har ya lalata makullin wani, sai da ya sake yankawa. Yana share hawaye ya ce, "Wallahi matarka ta fi ƙarfinka. Ka aika yaro, an ba ka amsar yaro."

Litinin, huɗu na yamma

Ƙaramin yatsan Maman Kilo a lanƙwashe yake, tun ranar da ƙofar mota ta datse shi muna sabon aure. Ya fito a zanen. Na ɗora hannuna a kai, don in auna bambanci ne kawai. Wani ya zo da sikelin nama ya yi ta sallama ban ji ba.

Talata, 18 ga wata, biyu na rana

Shugaban Mai Lilo ya ba ni sabon fom, ya ce shi ne na ƙarshe, kuma wannan karon Injiniya sau ɗaya kawai ya ce.

Na dawo na sake awo daga farko, don a yi adalci. Na haɗe kusa da gida da kusa da shago da rashin mota suka zama noti ɗaya, tunda an matsa min. Na ba lilo rabin noti, wato wosha. Na ƙara wa Mai Lilo noti saboda mutuncin shugaba. Na saki sikeli, sai ga kwanon Mai Lilo ya yi ƙasa. Na ƙwala wa Mai Makulli kira ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mutumina, ɗaga hannunka sama."

Na ce me?

Ya ce, "Ɗaga duka biyun."

Na ɗaga. Kwanon Mai Kunkuru ya faɗi ƙasa, ƙwal! Ashe ƙaramin yatsana ne a bakin kwano. Na rantse da Allah ban san yana wurin ba.

Ya ce, "Shekara ashirin kana kama masu sa hannu. Yau uwa ta sa, 'ya ta sa, uba ma ya sa. Gida ya cika."

Ban rama ba. Na zauna ina kallon yatsan. Shi ma da ya ga haka sai ya daina dariyar, ya je ya kawo min ruwa.

Laraba, 19 ga wata, bakwai na safe

Saba'in da shida. Na ce sikelin ne ya lalace. Na ɗora masa ƙarfen gwaji na kilo goma, ya nuna goma daidai.

Ba lafiya lau nake ba.

Alhamis, 20 ga wata, takwas na yamma

Na je. Mota biyu, minti hamsin. Na tafi da fom biyu, na Mai Kunkuru ban rubuta komai a kai ba.

Surukata ta buɗe ƙofa ta dube ni ta ce, "Ka rame." Na ce aiki ne. Ta ce 'yarta ba ta taso daga kanti ba tukuna, in zauna a baranda, ta shige ciki ta rufe ƙofa da ƙarfi don in san ba ta saurare.

Kilo tana zaune a tabarma tana zane. Ta taso ta hau cinyata, ta kama kunnuwana biyu tana juya kaina hagu da dama kamar mai sayen kankana. Na bar ta. Can ta ce, "Baba."

Na ce na'am.

Ta ce, "Ni ban ɗauko ba."

Na ce me ba ki ɗauko ba?

Ta ce, "Kan Mama. Ka ce ai kan uwarta ta ɗauko. Na duba, yana wuyanta. Kullum ina dubawa." Sannan ta ce, "Ka faɗa wa masu gilashi ban ɗauko ba, sai su ɗauke ni."

Kalma biyar ɗin nan, ba ta yar da ko ɗaya ba. Mako uku tana ɗauke da su, yarinya mai kilo sha bakwai.

Ban san lokacin da idona ya cika ba. Na ce, "Kilo, ba ke suka ƙi ba. Ni suka ƙi. Baba ne ya cika surutu ya hana ki magana. Kuma da kan Mama kika ɗauko, da kin more, don ya fi nawa nesa ba kusa ba. Baba ne ya yi magana marar kyau."

Sai na ji an ajiye jaka a bayana. Maman Kilo ce a tsaye a bakin baranda da farar rigar aiki, ban san tun yaushe ba. Na miƙe, yarinya a hannuna, duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Maman Kilo, ki yafe min. Na ci mutuncinki a gaban 'yarki, kuma laifin ma nawa ne." Na ba ta labarin sakatariya tun daga kwali har goshi, ban rage komai ba.

Ta ce, "Tara cikin goma?"

Na ce tara.

Ta ce, "Kuma na san sai da ka tambayi wacce ka faɗi."

Na ce na tambaya. Ta juya baya tana gyara ɗankwali, amma na ga kumatunta. Daga cikin ɗaki kuma wadda ba ta saurare ta fashe da dariya har da tari.

Muka zauna a tabarma. Na shimfiɗa fom biyu a gaban Kilo, na ce wannan na Mai Lilo, wannan na Mai Kunkuru, wanne kike so? Ta fara kallonsu. Amsa ta taho min har bakin haƙori. Maman Kilo ta riƙe hannun rigata ta ce a hankali, "Injiniya, kai ne kullum ke ce wa mutane a bar allura ta tsaya kafin a karanta."

Na cije leɓe. Na ƙirga a zuci, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ban taɓa jin lokaci mai tsawon wannan ba.

Kilo ta ɗora yatsa ta ce, "Mai Kunkuru."

Na ce me ya sa? Na sake jira.

Ta ce, "Malama ta ce kar a ƙwanƙwasa masa baya. In aka jira, da kansa yake fito da kai."

Na zaro biro na sa hannu a layina. Maman Kilo ta karɓi takardar ta ninke, ta ce za ta cike sauran, mu haɗu gobe a makarantar ƙarfe sha ɗaya. Ba ta ce komai a kan dawowa ba, ni ma ban tambaya ba. Yau na koyi jira, ba zan ɓata shi tun ranar farko ba.

Na dawo ni kaɗai. Mota biyu.

Juma'a, 21 ga wata, bakwai na safe

Ban hau sikeli ba.

Juma'a, uku na yamma

Tun goma ina bakin ƙofar makarantar. Na ga kunkurun. Minti ashirin na tsaya a kansa kafin ya ga dama ya leƙo, ya dube ni, ya koma. Ban ga laifinsa ba.

Sha ɗaya ta yi ba su zo ba. Sha ɗaya da rabi ba su zo ba. Daga gidan surukata zuwa nan taku ɗari ne, na auna. Sha biyu saura kwata sai ga su, Kilo da koren ribon a kai. Maman Kilo ta ce, "Mun tsaya haɗa kaya ne." Ban tambayi wane kaya ba. Ta miƙo min fom ta ce, "Kai ka miƙa. Amma ka duba tukuna, na san ba ka yarda da aikin kowa."

Na duba. Sa hannun uwa yana nan, na gaske, da suna. Sunan yarinya daidai, ranar haihuwa daidai. Sai idona ya sauka a layi na huɗu, adireshin gidan da yaro yake zaune. Ta rubuta gida mai lamba tara, bene na biyu, layin bayan kasuwa. Gidanmu ke nan. Na karanta sau uku.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mota biyu ce fa daga can."

Ta ce, "Na sani. Kai za ka riƙa kawo ta."

Na ce kowace safiya? Ta ce kowace safiya, shekara shida, kuma a hanya ita za ta riƙa magana, kai kana saurare.

Matar da ke karɓar fom ta ce, "Malam, za ku miƙo ko sai kun gama kuka? Saura minti shida."

Ba kuka nake ba. Amma na miƙa.

Asabar, 22 ga wata, bakwai na safe

Fom ɗin nan mai hannuwa na manna shi a bangon shago jiya, saman sikeli mai kwano biyu. Mai Makulli ya ce yaya gwiwa, na ce ta warke.

Famfo ya koma ɗiga. Maman Kilo ta ce gyarana ne bai yi ba. Ban ce komai ba.

Na dafa shayi kofi biyu. Ɗaya na sha.